Gobarar Aljeriya da ciyawar bana: muhawara a zauren manoman gefen Falgore

Malam Habu Ticha: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so in tayar da wata magana tun kafin iskar hunturu ta kankama. Duk wanda ya bi hanyar Jos ta cikin Falgore a makon nan ya ga abin da na gani. Damina ta yi albarka, gamba da kyasuwa sun fi mutum tsayi, ga shi sun fara bushewa, dawarmu kuma rabi tana gona a ɗaure.

Abin da yake ta dawo mini a rai shi ne gobarar dajin Aljeriya ta 2021. Ranar 9 ga Agusta wuta ta tashi a wurare da dama a yankin Kabiliya, cikin duwatsun arewacin ƙasar, ta fi yin ɓarna a jihohin Tizi Uzu da Bijaya. Aƙalla mutum 90 suka rasu, 33 daga cikinsu sojoji ne da aka tura su ceci mutane. Waɗanda abin ya faɗa wa mutanen ƙauye ne irinmu, masu itatuwan zaitun da ɓaure, masu awaki da shanu da amyar zuma. Da rassan itace da bokiti da shebur suka fito suna dukan wuta, sai da aka kawo jiragen sama masu zuba ruwa daga Faransa. Shugaban ƙasar, Abdulmajid Tebboune, ya sa aka yi zaman makoki na kwana uku. Kuma abin bai tsaya nan ba, a Yulin 2023 wata ta sake cinye mutum 34, har da sojoji 10.

Ƙasa ce mai arzikin mai da gas, mai sojoji da motocin kashe gobara. Mu da ba mu da ko tankar ruwa ta gari, me muka tanada? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Hajiya Ladidi: Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan musulmin da suka rasu. Malam ka kyauta da ka tayar da zancen nan.

Nura Ɗalibi: Malam, da girmamawa, ni ina ganin ba a haɗa mu da su ba. Su dazuzzukansu na manyan itatuwa ne a kan tsaunuka, ga zafin da ya haura digiri 40 a lokacin, ga fari. Wuta tana hawa tudu da gudu, su kuma ƙauyukansu a kan tudun suke. Mu ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, wutar ciyawa kuma minti kaɗan ta wuce. Tun muna yara ake sa wa daji wuta duk shekara, ban taɓa jin ta kashe mutum 90 ba.

Sabi'u Mai Injin: Nura kana birni shi ya sa kake cewa minti kaɗan ta wuce. Minti kaɗan ɗin ne ya cinye mini damin dawa ranar Laraba, fiye da rabin abin da na noma, da harawar da na ɗora a kan kanya. Ni ba sai an je Aljeriya ba. Kuma kowa a zauren nan ya san su waye suka sa wutar. Da safe an ga shanu a gefen fadama, da azahar wuta ta tashi. Me ya rage a bincika?

Nura Ɗalibi: Subhanallah, wallahi ban sani ba Yaya Sabi'u. Allah ya mayar da alheri.

Buba Ɗan Ardo: Yaya Sabi'u, Allah ya mayar maka da abin da ya fi. Na karanta wa Baffa saƙonka, ya ce in rubuta maka amsarsa kamar yadda ya faɗa. Ya ce: makiyayi ba ya ƙone ciyawa a watan da shanunsa suka fi buƙatarta. Karan da ke gonarka, da harawarka, da kai da mu aka yi cinikinsu bara, bana ma da mun saya. Wutar Laraba ta cinye mana kiwon wata guda, yanzu sai mun kai shanu har bakin dutse. Ya ce a zo a duba inda wutar ta faro, ƙasa ba ta ɓoye wannan.

Sabi'u Mai Injin: To idan ba ku ba, sai 'yan farauta. Ɗaya daga cikin biyu ne.

Kawu Tanko Sarkin Baka: Sabi'u ɗana, ka yi haƙuri ka sassauta. Ba zan rantse a kan kowane yaro mai kare da gora ba, don akwai yaran da ke cusa wuta a ramin gafiya ko burgu su tafi su bar ta, wannan gaskiya ce kuma ina yaƙi da ita. Amma ranar Laraba babu wanda ya fita farauta da sanina. Kuma ka ƙirga masu shiga dajin nan da wuta a hannu: masu ɗibar zuma da bakin wuta, masu gawayi da ke barin rami yana ci kwana da kwanaki, masu sassabe, direban da ya jefar da guntun taba, yaran da ke gasa gyaɗa da dankali a gona. Kai ka zaɓi biyu ka bar sauran.

Malam Habu Ticha: Sabi'u, akwai wani ɓangare na labarin Aljeriya da ban faɗa ba, yanzu ya zama dole. Ana tsakiyar gobarar, wani matashi mai zane da kiɗa, Jamal Ben Isma'il, ya taso daga garinsu Miliyana ya tafi Kabiliya don ya taimaka a kashe wuta. Baƙo ne a wurin, ba a san fuskarsa ba. Sai raɗe-raɗi ya bazu cewa shi ne ke sa wa daji wuta. 'Yan sanda suka sa shi a motarsu, taron jama'a suka fizgo shi daga ciki, suka kashe shi, suka ƙone gawarsa, wasu na ɗauka a waya. Ranar 11 ga Agusta ke nan, wuta tana kan ci. Daga baya ta tabbata taimako ya kawo shi. Mahaifinsa ne ma ya fito ya roƙi mutane kada a ɗauki fansa. A Nuwamban 2022 kotu ta yanke wa mutum 49 hukuncin kisa a kan wannan.

Waɗanda suka aikata hakan mutane ne da gonakinsu da 'yan'uwansu suka ƙone, zuciya ta ɗebe su. Ba na cewa kai za ka yi haka, na san ka tun kana aji uku. Amma kalmar "kowa ya san su waye" a zaure mai mutum da yawa, ba ka san kunnen da za ta faɗa ba. Mun ga yadda rigimar gona ɗaya ke tashin ruga da ƙauye a ƙasar nan.

Malam Liman: Malam Habu ya faɗi gaskiya. Allah ya umarce mu a Suratul Hujurat da mu bincika labari kafin mu auka wa mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Sabi'u, asararka asararmu ce, kuma za mu yi maganar taimako bayan sallar Juma'a. Amma ka janye zargin har a bincika.

Sabi'u Mai Injin: Allah gafarta Malam, na ji. Na bar maganar suna. Amma ba zan bar maganar bincike ba. Shekara nawa ana ƙone wa mutane amfani ana cewa ƙaddara ce?

Malam Liman: Ban ce ka bari ba. Ƙaddara ba ta hana a tambayi mai sakaci. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da wani gida ya ƙone a Madina da dare, ce wa sahabbai ya yi wuta abokiyar gaba ce, a kashe ta idan za a kwanta. Umarni ne na ɗaukar mataki.

Baba Ɗanladi Kwana-kwana: Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mini, ku yi haƙuri da tsawo. Na tsufa a aikin kashe gobara, kuma ina so in gyara wa Nura magana ɗaya, in gyara wa Malam Habu ɗaya.

Nura, gaskiya ne wuta ta fi gudu idan tana hawa tudu, domin harshenta yana gasa abin da ke samansa tun kafin ya isa. Amma abin da tudu ke yi wa wuta a can, iska ke yi mata a nan. Busasshiyar ciyawa ba ta buƙatar a gasa ta, tartsatsi ɗaya ya isa. Idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas da hantsi, wutar gamba tana iya tsere wa mai gudu a cikin kunya-kunyar gona, balle tsoho, balle mace mai goyo. Kuma kada ka duba daji kawai. Duba garinmu: dangar kara, zana, jinka, rumbu, tarin kara a bayan kowane gida, harawa a kan rufi. Daga bakin daji har tsakar gidan Mai Unguwa abincin wuta ne a jere, babu inda ya yanke.

Garin Lahaina da ke tsibirin Mawi a jihar Hawai ta Amurka, wanda ya ƙone ranar 8 ga Agustan 2023, ba manyan itatuwa suka kai masa wuta ba. Busasshiyar ciyawa ce da ta cika tsofaffin gonakin rake da aka daina nomawa, sai iska mai ƙarfi. Mutum 102 suka mutu, gine-gine fiye da 2,000 suka ƙone, wasu sai teku suka faɗa don su tsira.

Malam Habu kuma, ka ambaci jiragen sama kamar su ne suka kashe wutar. Jirgi yana rage mata ƙarfi ne kawai don mutanen ƙasa su samu su matso. Wutar daji ba a kashe ta da ruwa kamar wutar ɗaki, babu ruwan da zai isa. Yunwa ake sa mata. A share layi har sai an ga jar ƙasa, a kewaye ta da shi, idan ta iso ta rasa abin ci ta kwanta. Idan ka ji a rediyo an ce an shawo kan rabin gobara, ma'anarsa an kewaye rabin bakinta da irin wannan layin, cikinta na iya ci gaba da ci. Su da katafila suke yi, mu da fartanya da garma da magirbi. Aikin ɗaya ne.

Nura Ɗalibi: Na gode Baba, na karɓi gyara. To amma idan ta riga ta tashi fa, kamar ta Laraba? Ba lokacin share layi.

Baba Ɗanladi Kwana-kwana: Shi ya sa ba a fafe gora ranar tafiya. Amma idan ta tashi, ga abin da nake roƙon matasa su riƙe.

Wuta tana da kai, tana da gefe biyu, tana da gindi. Kai shi ne inda iska ke tura ta, nan harshen ya fi tsawo, nan hayaƙi yake. Kada wanda ya tsaya a gabanta da reshe a hannu, ko gonar ubansa ce a bayansa. A faro daga gindi, inda ta riga ta cinye, a bi gefe-gefe ana dukanta da ɗanyen reshen darbejiya ko jiƙaƙƙen buhun algarara, ana share tartsatsin zuwa cikin inda ya ƙone, ana matse ta har kan ya ƙanƙance. Mai injin feshi ya wanke shi sarai ya cika da ruwa, ya bi bayan masu duka. Lita 16 ko 20 ɗin nan idan ana fesawa a gindin harshe ta fi bokiti goma da aka watsa a sama. Masu fartanya su zo a ƙarshe suna rufe kututture da kashin shanu da ƙasa.

A sa mutum ɗaya a wuri mai tsayi wanda ba ya dukan wuta, aikinsa kawai ya kalli iska. Idan ta juya, gefe ya zama kai a cikin ƙiftawar ido, kuma haka ake rutsa mutane. Idan an rutsa ka, wurin tsira shi ne baƙin wurin da ya riga ya ƙone, ko gonar da aka share, ko cikin rafi mai yashi. Kada a gudu gaban wuta cikin doguwar ciyawa, kada a hau dutse ko tudu tana biye.

Na ƙarshe, kuma shi ne wanda aka fi raina wa. Idan harshe ya mutu, wuta ba ta mutu ba. A Lahaina da safe wutar ta fara tashi daga wayar lantarki da ta faɗi, 'yan kwana-kwana suka zo suka kashe, suka zauna sa'o'i suna dubawa, suka ga babu hayaƙi suka tafi. Wajen ƙarfe uku na rana iska ta tono ragowar, ita ce ta cinye garin. Ƙwararru ne da motoci da ruwa. Mu nan da an ga harshe ya kwanta sai kowa ya kama hanyar gida. Kututturen kirya ko busasshen kashin shanu yana riƙe garwashi har washegari. Dole a bar masu gadi su kwana.

Sabi'u Mai Injin: Baba wannan ta ƙarshen ta taɓa ni. Ranar Talata da yamma an ga hayaƙi a wajen tsohuwar rijiya, yara suka ce sun kashe. Ta Laraba kuma daga wannan ɓangaren ta zo.

Kawu Tanko Sarkin Baka: To ka gani. Gobe da sassafe ni da kai da Buba mu je wurin. Inda wuta ta faro ana gane shi, ƙunar takan yi siriri a nan ta buɗe zuwa inda iska ta bi, kuma ciyawar gindin ba ta cinyewa duka. Kada kowa ya je ya tattake wurin kafin mu isa.

Buba Ɗan Ardo: Baffa ya yarda. Zan zo.

Malama Rabi Asibiti: Ina da magana a kan waɗanda wuta ta taɓa, don duk hunturu sai an kawo mana su, kuma sau da yawa abin da aka shafa a gida ya fi ƙunar wahalar da mu. Don Allah a daina fasa ɗanyen ƙwai a kan ƙuna. A daina shafa man goge baki, manja, gishiri, tawada, baƙin mai ko toka. A zuba ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a kai, a yi ta zubawa har minti 20, ba ƙanƙara ba. A cire zobe da awarwaro da agogo tun kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne da fata kada a fizge ta. Kada a fasa ƙurajen ruwan da suka taso. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a taho. Idan ƙunar ta fi tafin hannun mai ita girma, ko tana fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko yaro ne ƙarami, babu jira. Wanda ya shaƙi hayaƙi har muryarsa ta dishe ko gashin hancinsa ya babbake, a kawo shi ko babu ƙuna a jikinsa, maƙogwaro na iya kumbura daga baya ya toshe numfashi.

Masu zuwa kashe wuta kuma, rigunan ƙwallo da yadin roba narkewa suke su manne a jiki. A sa na auduga mai dogon hannu, a sa takalmi rufaffe, ba silifa ba.

Hajiya Ladidi: Malama Rabi Allah ya biya ki. Ni ƙwai na sani tun tasowata, yau na ji.

Amma ina da ƙorafi ga mazan zauren nan. Tun ɗazu maganar gona da dami ake yi. Idan wuta ta tashi duk maza sai su ɗiba a guje su yi daji, a bar gari da mata da yara da tsofaffi. Wa zai gaya mana ta juyo? Ina za mu nufa? Innata tana ɗaki ba ta iya tafiya, irinta nawa ne a garin nan? Matan da ke cikin kulle wasu ba za su fita ba sai an ce su fita. A yanke wannan tun yanzu, kowane mai gida ya faɗa wa iyalinsa da bakinsa cewa ranar gobara ba a jiran izini.

Kuma tarin karan da ake jinginawa a jikin danga dab da madafa, mu ne muke girki a wurin, mun san yadda tartsatsi ke tashi idan iska ta buso. An faɗa an faɗa, sai a ce babu wurin ajiyewa.

Malam Liman: Hajiya ta yi gaskiya, kuma zan faɗa a huɗuba. Tsare rai yana gaba da komai, babu mijin da zai yi fushi don matarsa ta fita daga gidan da wuta ta nufo.

Malam Habu Ticha: Maganar inda za a nufa tana da muhimmanci ƙwarai. A Fotugal, a Yunin 2017, gobarar daji ta kashe mutum 66, kuma 47 daga cikinsu a kan titi ɗaya suka mutu, yawancinsu a cikin motoci suna ƙoƙarin gudu, hayaƙi ya rufe hanya wuta ta tare su. Mu hanyarmu ta fita ɗaya ce, kuma ciyawa ta rufe ta dama da hagu tun daga makabarta har kwalta. Ni shawarata filin makarantar firamare. Babu ciyawa, faɗinsa ya isa, ga famfon burtsatse, ga azuzuwa na bulo da kwano. Zan yi magana da hedimasta a bar makullin aji biyu a hannun maigadi.

Nura Ɗalibi: Akwai lambar gaggawa ta ƙasa, 112, kyauta ce. Kuma akwai dokar tarayya ta 2011 a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, da ta hana ƙona daji barkatai ba da izini ba. Ya kamata mutane su san ba al'ada ce kawai ake karyawa ba.

Baba Ɗanladi Kwana-kwana: A kira, ko da yaushe a kira, kuma a kira da wuri, kada a jira sai ta gagara. Amma ku lissafa nisanmu da inda mota take, ku lissafa hanyar. Tankin mota ɗaya mintuna kaɗan yake yi idan an buɗe mesa, sannan sai an nemi inda za a sake cikawa. Sa'ar farko tamu ce, ko mun so ko mun ƙi. Wanda ya kira kuma ya tura yaro da babur bakin kwalta ya jawo su, kuma a nuna musu dam ko kududdufin da ke da ruwa.

Buba Ɗan Ardo: Baffa ya ce in ƙara wannan. Ya ce a zamanin iyayensu ba a barin ciyawa ta bushe ƙurmus sannan wuta ta same ta. Da an gama kaka, ciyawa tana da sauran ɗanye, sai manya su zaɓi wurare su sa wuta da yamma lis, lokacin da iska ta kwanta raɓa ta kusa sauka. Wutar ba ta da ƙarfi, tana ci tsalli-tsalli ta mutu da kanta cikin dare, ba ta kashe itatuwa, kuma toho ya fito wa dabbobi. Idan wutar rani ta zo daga baya sai ta tarar da wuraren da babu abin ci. Ya ce hana wuta gaba ɗaya shi ke tara ciyawar da za ta zama bala'i a watan Janairu da Fabrairu.

Sabi'u Mai Injin: A'a. Wannan ban yarda ba ko kaɗan. Yanzu muka gama kukan wuta sai a ce mu sa da hannunmu? Zamanin iyayenku daji ne ko'ina, gona kaɗan. Yanzu gona na jikin gona. Kuma wa zai biya idan ta kuɓuce?

Malama Rabi Asibiti: Ni ma ina tare da Sabi'u. Ga hayaƙi ga ƙurar hunturu, masu asma da yara su ke shan wahala.

Nura Ɗalibi: Kuma ƙona gona na cinye taki. Karan da ganyen da za su ruɓe su gyara ƙasa sai su tashi a hayaƙi, iska ta kwashe tokar.

Kawu Tanko Sarkin Baka: Nura, Ardo ba gona yake nufi ba, bakin daji yake nufi. Ni na ga abin da yake faɗa da idona. Wutar farkon rani zomo da fakara suna tsere mata. Ta ƙarshen rani har ƙwai da 'ya'yan itace ba ta bari.

Baba Ɗanladi Kwana-kwana: Maganar Ardo ba tatsuniya ba ce. Ma'aikatan gandun daji sun daɗe suna ƙonawar wuri a dazuzzukan ciyawa na Afirka ta Yamma, kuma a arewacin Ostireliya an koma wa irin wannan dabara ta mutanen asalin ƙasar. Tsoron Sabi'u ma yana kan hanya, domin wutar da aka sa da niyyar alheri ta sha kuɓucewa. Ni abin da zan yarda da shi ƙarami ne: a share layi biyu a gefen arewa da gabas na gari, kowanne faɗin taku uku zuwa huɗu, a bar tazarar kamar taku ashirin a tsakaninsu, a ƙone tsakiyar kawai, da yamma, da mutane a tsaye da rassa da injinan feshi, bayan an kwashe amfanin gonakin kusa. Ya fi a ce za a nome faɗin duka da fartanya, ba za a gama ba. Cikin gandun Falgore kuwa ba namu ba ne, na gwamnati ne, babu mai sa masa ashana. Idan ana son wani abu a can sai a je wa ma'aikatan daji. Ko wannan na bakin gari ma a sanar da su da Dagaci tukuna, yadda dokar da Nura ya ambata ta nema.

Kuma kada wani ya ji wannan ya ce zai tari wuta da wuta ranar gobara. Dabara ce ta gaske, amma idan wanda bai iya ba ya yi, ya ƙara wa gari wuta ta biyu ne, ya kuma rufe mutanen da ke tsakiya.

Sabi'u Mai Injin: Layi zan fito in share, da ni da ƙannena, har shanun huɗa zan kawo. Ƙona tsakiya dai ina nan a kan bakana. Gonata ce a gefen gabas ɗin.

Mai Unguwa: Jama'a na karanta duka, na gode wa kowa. Sabi'u, Allah ya mayar maka. Ga abin da na tsayar, sauran sai na ga Dagaci.

Gobe Sarkin Baka da Sabi'u da Buba su je wajen tsohuwar rijiya, abin da suka gani ni za su kawo wa, ba zaure ba. Asabar bayan sallar asuba gayyar share layi, kowane gida mutum ɗaya da fartanya, za a fara daga makabarta a bi gefen hanya. Duk mai dami a gona ya share kewayensa ko ya kwaso shi cikin makon nan. Karan da ke jikin danga a janye shi daga madafa, Hajiya Ladidi ki haɗa mata biyu ku zaga ku faɗa mini gidan da bai yi ba, ku kuma rubuto mini gidajen da ke da tsoho ko mara lafiyan da sai an ɗauka. Ranar gobara za a yi shela da lasifikar masallaci, mata da yara filin makaranta, kuma matasa biyar za su zauna a gari ba za su bi wuta ba. Masu gawayi da masu zuma ina son ganinsu a ƙofar gidana ranar Lahadi.

Maganar ƙona tsakanin layi ban yanke ba. Ardo da Baba Ɗanladi da Sabi'u ku zo mu zauna da ma'aikacin daji, a je gefen gabas ɗin a tsaya a kai a duba.

Buba Ɗan Ardo: Ranka ya daɗe, Baffa ya ce rugarmu ma za ta turo mutum shida ranar Asabar, amma a ja layin ya kewayo ta bayan ruga, kada a tsaya a makabarta.

Mai Unguwa: Za a kewayo. Ku zo da gatari, akwai kututture da yawa ta wajenku.

Sabi'u Mai Injin: Kawu Tanko, ƙarfe nawa goben? Ni shida na shirya.

Kawu Tanko Sarkin Baka: Shida ta yi. Ka biyo ta gidana, Buba ya same mu a bakin fadama.